Hagun Nedo

Keken guragu. Bargo. Maganin rana a ƙaramin gwangwani. Cokali mai kaurin mariƙi. Miya a filas. Wandon canji. Abin da Vania ta ɗauko ke nan, sai kuma mahaifinta, Nedo, wanda direba ya taya ta ɗaure kekensa kusa da ƙofar tsakiya tun daga tashar Empoli, garin da suke zaune.

Bas ɗin ya bar gidaje da masana'antu a baya, ya fara hawan tudu. Ko'ina gonakin zaitun ne, an shimfiɗa raga a gindin bishiyoyi, don Nuwamba ta shigo, ana tsakiyar tsinka. Nedo bai ko dubi taga ba. Hannunsa na dama na kwance a cinyarsa kamar kayan da wani ya manta. Na hagun kuwa ya cusa shi can ƙarƙashin bargo.

Da bazara wani ciwo ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Magana ta dawo, da nauyi, amma ta dawo. Likitoci suka ce ya tsallake. Sai ga matsala ta ɓullo inda ba a zata ba. Ya ƙi cin abinci da hagu. Ya kuma ƙi a ba shi a baki, ya ce shi ba jariri ba ne. Ruwa da kofi kawai yake zuƙa da tsinken roba, wani lokaci ɗan romo idan an dame shi. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a bakin wutar kamfanin gilashi, mai faɗin ƙirji, yanzu riga ce ke rataye a jikinsa.

Likitarsa ta ce in aka ci gaba a haka, sai dai a huda cikinsa a sa roba, a riƙa zuba masa abinci ta nan, a kuma mayar da shi gidan kula da tsofaffi. Moreno, yayan Vania, har ya samo gado. Sa hannu kaɗai ya rage, kuma na Vania ake jira, don ita kotu ta naɗa ta tsaya wa uban a sha'anin lafiyarsa. Ranar Litinin za su koma asibiti.

Labarin hagun nan kowa a danginsu ya san shi. Bahago aka haifi Nedo, a garin Vinci. A makaranta malama ta riƙa ɗaure masa hagun a jikin benci da tsumma, a gida ubansa ya ƙarasa aikin da bayan wuƙa. Kafin ya kai shekara goma da dama yake ci, da dama yake rubutu. Vania kuwa a Sweden ta yi karatu, can ta zauna tana ƙera gadoji har ciwon nan ya dawo da ita. Abin da ta sani a sana'arta shi ne, duk inda ƙarfe ya ƙi motsi akwai abin da ya tokare shi, in ka gano ka cire, sai ya tafi. Sai ta shirya tafiyar yini ɗaya. Za ta kai shi garinsu, har ɗakin da aka haifi mutumin da duniya ta san Vinci dominsa, wanda ya zana injinan tashi sama shekaru ɗari biyar da suka wuce. Mai Gemu mutanen garin suke ce masa. Shi ma bahago ne. Ta ce wa ranta idan tsohon ya ga yadda mutane ke tahowa daga uwa duniya don ganin aikin hagu, kunyar nan ta yarinta za ta sake shi, ya ɗauki cokali.

Ta yi ta kiran kamfanin bas sai da ta tabbatar akwai mai matakalar keke. Ta duba taswira ta ga inda hanya ta yi tsauri. Ta kira Gwaggo Fosca, yayar mahaifinta, ita kaɗai da ta rage a garin, ta zo ta tare su da mota. Da ta faɗa wa Moreno, sai ya tambaye ta ko a Sweden da gidan tarihi ake maganin yunwa. Da ta faɗa wa Nedo, tana shirin gardama, sai ya ce to, bai ƙara komai ba.

Gwaggo Fosca na tsaye a tasha, ta jingina da tsohuwar motarta, takalmanta duk taɓo, ganyen zaitun maƙale a gashinta. Ta haura tamanin, amma har yanzu ita ke tsinkar gonarta. Ta dubi ƙanenta daga sama har ƙasa.

"Kai Bahago, mutuwa ce ta manta da kai, ko kai ka manta da ita?"

"Ke take nema," in ji Nedo. "Ta hango fuskarki ta juya."

"Bakin dai bai shanye ba. Kaico."

Ta sumbaci Vania, ta ce har yanzu tana magana kamar mai karanta labarai a talabijin. Su biyu suka kama shi za su sa a mota. Fosca ta tattaro ƙarfinta ta ɗaga, sai ya taso mata kamar buhun ganye, har ta kusa faɗuwa baya. Ta dai dubi Vania ta saman motar, sannan ta shiga ta tayar.

Gidan Mai Gemu yana can sama da gari, cikin gonaki. Ginin dutse ne maras tsayi, irin wanda Nedo kansa ya tashi a ciki. Akwai 'yan makaranta da malamansu, akwai baƙi masu ɗaukar hoto. Vania ta tura keken ta kutsa har gaba, inda wata budurwa mai yi wa baƙi bayani take nuna kwafin rubutun mutumin, tana cewa da hagu yake yi, yana farawa daga dama, sai an sa madubi ake iya karantawa. Yaran suka yi ta leƙe.

Vania ta sunkuya kusa da kunnen mahaifinta. Ta daɗe da tsara abin da za ta faɗa, har ta maimaita shi a hanya. Da lokacin ya zo, kaɗan ne ya fito.

"Baba, ka ji ko? Duk wannan da hagu ya yi."

"Na sani tun ba a haife ki ba, Injiniya."

"To ka ga ba abin kunya ba ne."

Nedo ya ɗan ɗaga kai. Maganarsa na fita a hankali, amma da ƙarfi, yadda masu aikin gilashi suka saba yi saboda ƙarar wuta.

"Kin san abin da ya sa aka bar shi da hagunsa? Shege ne. Ubansa bai auri uwarsa ba. Ba wanda ya damu ya sa shi makarantar kirki, balle a duba hannun da yake ci da shi. Ni ɗan halak ne. An so ni, shi ya sa aka ɗaure."

Wata malama ta juyo ta harare su, ta kora yaranta gaba. Fosca ta fita waje tana dariya har ta zauna a kan katanga, ta ce ai wannan kowane yaro a Vinci ya sani, ita ma malamarsu haka take faɗa musu duk ranar da za ta ɗauko tsumman.

A tsakar gidan, ƙarƙashin wata tsohuwar bishiya, Vania ta buɗe filas ta zuba miya, ta ajiye cokalin a gefen hagunsa. Tururi ya tashi, ya ragu, ya daina. Nedo yana kallon kwari, inda garin yake da hasumiyarsa. Ta roƙe shi. Ta tuna masa Litinin. Ta ce masa ta bar aikinta da gidanta saboda shi, abin da ta rantse ba za ta taɓa furtawa ba. Wayarta ta yi ƙara, ta ga Moreno ne, ta kashe. Ta juye miyar a gindin bishiyar.

Fosca ta ce ita dai yunwa take ji, wanda ya ga dama ya biyo ta.

Gidanta rabin tsohon gidan gonar da aka haife su ne, ɗaya rabin baƙi sun saya, ba sa zuwa sai lokacin zafi. Kicin ɗin a ƙasa yake, da murhu da dogon tebur. Wake na kan wuta tun safe. Jiya aka matse mata man zaitun na bana, yana cikin kwalba, kore shar, ƙamshinsa na yaji har maƙogwaro. Ta jera faranti uku. Ba ta lallashi kowa ba. Ta yanka burodi ta gasa a kan garwashi, ta zauna ta ɗauki tafarnuwa ta hau gurzawa, tana ba Vania labarin wanda ya mutu da wanda ya sayar da gona.

Nedo yana kallon hannunta. Ya ce ta yi gaggawar tsinka, man zai yi ɗaci. Ta ce shi da ya gudu birni ya koma hura kwalabe ba shi da bakin magana a kan mai. Ya ce ko ba komai ya san ba a gurza tafarnuwa kamar ana wankin tukunya.

"Kina ɓata burodi, Fosca."

"Burodina ne."

"Kawo nan."

Hagun ya fito daga ƙarƙashin bargo. Ya kamo mataccen hannun daman ya ɗora a gefen burodin don ya danne shi. Ya ɗauki tafarnuwar, ya shafa ta sama-sama, gaba da baya, ya ajiye. Ya ɗaga kwalbar da ke cike, ya karkata ta, man ya zubo siriri kamar zare, ya zagaya burodin daga baki zuwa tsakiya, ya tsayar, ko ɗigo bai sauka a tebur ba. Ya tsinci gishiri da yatsu uku ya barbaɗa. Hannun bai yi rawa ba ko kaɗan. Vania ba ta taɓa ganin ya yi wani abu da kyau haka ba, ko da damansa.

Ta ƙi motsi, kada ta ɓata abin. A ranta ta ga Litinin ta wuce lafiya, ta ga kanta tana kiran Moreno.

Nedo ya tura burodin gabanta.

"Ci."

Ta ɗauka ta gatsa. Ya haɗa wani kamar na farko, ya miƙa wa Fosca, ya ce ta ɗanɗana ta ji yadda mutane ke yi. Sannan ya jawo nasa farantin, wanda ba a sa masa komai ba tukuna, ya kife shi a hankali a kan tebur, ya ɗora tafin hannunsa a bayansa.

Fosca ta ajiye burodinta.

"Na ƙoshi," in ji shi.

"Baba, ai ba ka ci komai ba."

"Na ƙoshi, Vania."

Fosca ta miƙe ta ce wa Vania ta zo ta taya ta tattara raga kafin raɓa ta sauka. Suka fita bayan gida. Ba su taɓa ragar ba. Tsohuwar ta tsaya tana murza ganye a hannu, ta ce mahaifinsu haka ya yi, a kan teburin nan, shekarar da sanyi ya kashe bishiyoyin gonar. Kakarsu ma haka, kafin shi. A gidansu idan tsoho ya kife farantinsa, ba mai buɗe masa. Kullum za a jera masa, kullum zai kife, a zauna da shi ana hira har ranar da ba ya iya zuwa tebur.

Vania ta ce wancan zamanin yunwa ne, lokacin da tsohon da ba ya zuwa gona yake ganin yana cin rabon jikoki. Yanzu ga abinci, ga fansho. Ta ce wannan ciwon damuwa ne, yana da suna, yana da magani.

"Wa ya ce miki a'a?" in ji Fosca. "Kina tsammani daɗinsa na ji? Ni na riƙa wanke farantin nan kullum, ba abin da ya taɓa shi. Har yau ban yafe wa tsohon ba. Da ni ce ke, da na sa hannu, Nedo ya tsine mini in ya ga dama. Shi kaɗai ya rage mini."

"To ki gaya masa mana, Gwaggo."

"Tun yana shekara shida nake gaya masa abubuwa."

Vania ta koma ciki ita kaɗai. Yana nan inda suka bar shi, hannunsa na kan farantin. Wuta ta ja baya, waken ya fara kamawa. Ta sauke tukunyar, ta jawo kujera ta zauna a gabansa. Ta tambaye shi me ya sa ya bar su suna wahala a kan hannu duk tsawon watannin nan, ita da mai gashin ƙashi da likita, alhali hannun lafiyarsa lau.

Ya ce da ya faɗa mata gaskiya a Empoli, da a ranar za ta kira likita. Da ya ce hannu ne, sai kowa ya tafi neman maganin hannu, shi kuma ya samu sarari. Ta tambaye shi me ya sa ya yarda da tafiyar. Ya ce ya daɗe bai hau bas ba. Da ta ƙi dariya, sai ya nuna ƙaramin ɗakin da ke jikin kicin da haɓarsa, ya ce a can aka haife shi, kuma ƙofar tana da faɗi, keke zai shiga.

Ta kawo masa duk abin da take da shi. Ta ce akwai magani mai buɗe ciki, akwai mai sa zuciya ta yi sauƙi, ya gwada ko na wata ɗaya. Ya ce ai yana sha tun bazara, ita ce ma ke ba shi. Ta ambaci 'ya'yan Moreno. Ya ce suna da uba. Ta ambaci kanta. Nan ya sunkuyar da kai, har ta yi tsammani ta samu ƙofa. Sai ya ce ita babbar mace ce, ta zauna shekaru a ƙasar da rana ba ta fitowa kuma ba ta mutu ba.

"In na sa hannu fa?" in ji ta. "In suka sa robar?"

Ya ɗaga hagun daga kan farantin, ya buɗe yatsun ya rufe.

"Da wannan zan zare ta."

"Sai su ɗaure maka shi."

"Na sani," ya ce. "Na san yadda ake yi."

Ta tashi ta tsaya a bakin taga. A waje Fosca ta kama tattara ragar ita kaɗai, tana ja tana zagi, ba a jin me take cewa. Vania ta taɓa shiga gidan da Moreno ya samo. Wuri ne mai tsabta, ma'aikatan ba su da laifi. Ta ga wani tsoho a can da aka ɗaure wa hannu a ƙarfen gado da farin kyalle mai laushi, don kada ya ji wa kansa ciwo. A ranar ba ta ga aibin abin ba. Ta kuma san yadda ɗayar hanyar, ta barinsa ba ci, take, likita ta yi mata bayani dalla-dalla: bushewar baki, rikicewar hankali, makonni. Ta juya su duka biyu a ranta, ta nemi wadda za ta iya tsayawa a kai, ba ta samu ba.

Fosca ta shigo tana karkaɗe siket. Ta dubi ƙanenta, ta dubi farantin. Ta ce ɗakin nan cike yake da buhuna, sai an fitar. Ta ce in zai zauna a gidanta ya sani, kullum za ta dafa abin da ya fi so, ta ajiye masa a ƙarƙashin hanci, kuma ba za ta daina zaginsa ba. Nedo ya ce girkinta bai taɓa jan hankalin kowa ba. Fosca ta juya ta hau kankare ƙasan tukunyar wake.

Suka fitar da buhunan, suka shimfiɗa gado. Rana ta yi ƙasa, lokacin bas na ƙarshe ya zo ya wuce, ba wanda ya ambata. Vania ta kwantar da shi, ta ba shi maganin yamma, ya haɗiye da ruwa ba gardama. Ta gyara masa mataccen hannun a kan matashi yadda aka koya mata. Ya rufe ido.

Wayar ta sake ƙara. Ta fita tsakar gida, ta jawo ƙofar kicin ta rufe a bayanta. Moreno bai jira gaisuwa ba, ya tambaya ko Mai Gemu ya yi abin al'ajabi, ko tsohon ya ci.

"Bai ci ba, Yaya."

"To shi ke nan. Litinin da safe zan zo in ɗauke ku."

"Kada ka zo Empoli, muna Vinci. Ka ce su bai wa wani gadon. Ba zan sa hannu ba."